Hawan Tsauni na Yini Ɗaya a Hunturu: Tambayoyi da Amsoshi

Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi fitowa daga bakin masu sha'awar hawan tsauni cikin hunturu, su kai inda ake tsayawa a hangi duniya, su sauko kafin duhu. Mai tafiya da ƙafa nake nufi, wanda ya fita da sassafe da jaka a baya, yana sa ran kwana a gadonsa. Masu kafa tanti a kan dusar ƙanƙara da masu hawan bangon dutse da igiya, nasu karatun daban ne. Hunturun da ake magana a kansa kuma shi ne na wuraren da dusar ƙanƙara ke sauka, ruwa ke daskarewa a kan hanya, rana ke faɗuwa tun mutum bai shirya ba.

Me zai sa mutum ya bar ɗaki mai ɗumi ya je hawan dutse cikin wannan sanyi?

Abin da ido ke gani ne ke fitar da shi. Iska mai sanyi ba ta riƙe danshi da yawa, don haka hazon da ke lulluɓe nesa a watannin ɗumi yakan washe, musamman washegarin ranar da aka yi ruwa ko dusa. Bishiyoyi da yawa sun zubar da ganye, wuraren da a da ba ka ganin komai sai kore yanzu sun buɗe. Rana kuma ba ta hawa tsakiyar sama, a karkace take tafiya, sai inuwa ta fito da kowane kwari da kowane tudu kamar an zana su da hannu.

Akwai abin da ya fi wannan. A wasu safiyoyi marasa iska, sanyi yakan kwanta a cikin kwari, iskar sama ta fi ta ƙasa ɗumi. Ka taso cikin hazo ba ka ganin gabanka, ka yi ta hawa, sai kwatsam ka ɓullo cikin rana, gajimare shimfiɗe ƙarƙashin ƙafarka kamar teku, kawunan tsaunuka sun leƙo kamar tsibirai. In rana na bayanka, hazo na gabanka, kana iya ganin inuwarka ta yi girma a jikin hazon, da'ira mai launin bakan gizo ta kewaye kanta. Sunan dutsen Brocken na Jamus aka laƙaba wa wannan abin mamaki, domin can aka shahara da ganinsa, kuma wani malami mai suna Johann Silberschlag ya bayyana shi a rubuce tun 1780. Ni dai ranar da na fara ganinsa na daɗe a tsaye ban ce uffan ba.

Nisa nawa ake iya hangowa daga sama?

In ƙasar da ke gabanka shimfiɗaɗɗiya ce, daga tsayin mita 100 ido yana kaiwa kusan kilomita 36 kafin ƙasa ta lanƙwashe ta ɓoye sauran. Daga mita 1,000 kuwa yana kaiwa wajen kilomita 113. Manyan tsaunuka da ke bayan wannan iyaka ana hango kawunansu daga nesa fiye da haka. Dutsen Takao da ke gefen Tokiyo mita 599 ne kawai, amma a hunturu jama'a ke cika shi don hangen Fuji mai mita 3,776, kuma a kwanakin da yini ya fi gajarta a Disamba rana tana faɗuwa daidai a kan ƙololuwar Fuji. Ka lura, wanda ya tsaya kallon faɗuwar rana a sama, cikin duhu zai sauko, sai ya tanadi fitila.

Ban taɓa yi ba. Da wace irin hanya zan fara?

Da hanyar da ka riga ka bi lokacin da babu dusa, in akwai ta. In babu, nemi gajeriya mai alamomi, wadda mutane ke bi kullum, wadda mafi yawanta ke cikin daji, kuma hawanta bai wuce mita 300 zuwa 400 ba. Wasu ƙasashe sun ware hanyoyin hunturu na musamman. A Suwizalan, alal misali, allunan hanyoyin tafiyar hunturu ruwan hoda ne, kuma ana gyara su ana duba su. Kada girman kai ya hana ka farawa da irin waɗannan. Hanyar da yaro ke bi da gudu a watan Yuli takan zama wata aba daban a Janairu: matakalar dutse ta zama santsi, ƙoramar da ake tsallakawa ta ɓuya ƙarƙashin dusa, fentin da ke nuna hanya a jikin duwatsu ya binne.

Yaya zan san awa nawa tafiyar za ta ci?

Wannan ce tambayar da na fi so a yi mini, domin a kanta komai ya rataya. A hunturu hasken rana shi ne guzurinka na gaske, kuma ba a ƙara shi. A arewacin duniya yini mafi gajarta yana zuwa ranar 21 ko 22 ga Disamba, a kudanci kuma a watan Yuni. A Landan ranar ba ta cika awa takwas, a Edinbura ta Sikotlan ba ta cika bakwai. Cikin daji ko kwari mai zurfi duhu yakan riga agogo.

Akwai tsohon lissafi da wani mai hawan dutse ɗan Sikotlan, William Naismith, ya tsara a 1892: ka ba kowane kilomita 5 awa ɗaya, ka ƙara awa ɗaya kan kowane mita 600 na hawa. A ce hanyarka kilomita 12 ce zuwa da dawowa, hawanta mita 600. Lissafin ya ba ka kusan awa uku da rabi. Amma Naismith ƙaƙƙarfan mutum yake nufi, a kan busasshiyar ƙasa, ba tsayawa. In akwai dusa ko ƙanƙara, ƙara rabin wannan lokaci, ya zama awa biyar da 'yan kai. In dusar sabuwa ce, ba wanda ya taka kafin kai, tana kai wa gwiwa, ninka shi ma bai yi yawa ba. Sa'annan ka ƙara lokacin cin abinci, da ɗaura ƙarafunan hana santsi a takalmi da kwance su, da tsayuwar hange. Tafiyar awa uku da rabi ta koma shida ko fiye, ga yinin kuma bakwai ne ko takwas.

Don haka daga baya ake fara lissafi. Duba lokacin faɗuwar rana, cire awa ɗaya ka ajiye don abin da ba ka zata ba. Daga nan cire lokacin saukowa. Abin da ya rage shi ne lokacin juyawarka. Ka tsayar da shi tun a gida, kana ƙoshe, jikinka da ɗumi, hankalinka kwance, ka faɗa wa abokan tafiya kowa ya ji.

To in lokacin juyawa ya yi, ga ƙololuwa ina hangenta, saura kaɗan?

Ka juya. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, kuma a tsauni "saura kaɗan" ya sha yaudarar mutane: abin da kake gani kamar ƙololuwa sau da yawa kafaɗa ce, ta gaske na bayanta. Mutumin da ke tsaye a can, ga gajiya, ga sanyi, ga zumuɗi, ba shi ne ya fi cancanta ya yanke hukunci ba. Shi ya sa aka yanke tun a gida. Na sha juyawa ana saura minti ashirin ko talatin, kuma yana da ciwo, ba zan ɓoye ba. Amma wurin hange rabin tafiya ne, kuma rabin da ya rage ya fi haɗari: ƙafa ta gaji, rana ta karkata, dusar da ta narke da hantsi ta fara komawa ƙanƙara. Zamewa da faɗuwa su ne kan gaba a abubuwan da ke fitar da masu ceto, kuma a saukowa suka fi faruwa.

A gindin dutse babu sanyi sosai. Ashe sama za ta bambanta haka?

Ƙwarai. A matsakaici, zafi yana raguwa da digiri 6.5 a ma'aunin Selshiyas kan kowane mita 1,000 da ka hau, in iska busasshiya ce ma yana kusan digiri 10. In inda ka ajiye mota digiri 3 ne, wurin hangen da ya fi shi da mita 1,200 zai kai digiri 5 ƙasa da sifili. Ƙara iska mai gudun kilomita 40 a awa, jikinka zai ji kamar digiri 14 ƙasa da sifili. A cikin daji ba ka jin iskar, sai ka fito fili a sama take samunka gaba ɗaya.

Tsayin dutse kaɗai ba ya nuna mugun halinsa. Dutsen Washington da ke jihar New Hampshire a Amurka mita 1,917 ne, amma a kansa aka auna iska mai gudun kilomita 372 a awa ranar 12 ga Afrilu 1934.

Wane hasashen yanayi zan duba?

Na tsauni, wanda ke ba da zafi da ƙarfin iska a tsayin da za ka kai. Na garin da ke ƙasa ba zai wadatar ba. Dubi gudun iska a sama, da tsayin da ruwa ke fara daskarewa, da tsayin gajimare, da sa'ar da ake sa ran yanayi zai juya. Iska in ta kai kilomita 50 zuwa 60 a awa tafiya takan yi wuya, in ta wuce haka tana iya tunkuɗe babban mutum. Duba da dare, ka sake dubawa da asuba. In sun saɓa, ɗauki mafi muni.

Wane irin kaya zan sa?

Hawa-hawa, yadda za ka cire ka mayar. Na jikin fata ya zama ulu ko zaren roba mai saurin bushewa. A kansa suwaita mai riƙe ɗumi. A waje rigar da ke tare iska da ruwa, mai hula. A jaka kuma babbar rigar sanyi mai kauri, wadda ba ka tafiya da ita, ta tsayuwa ce kawai.

Auduga kam ka bar ta a gida, har da wandon jins da safar auduga. Tana shan gumi ta riƙe, ruwa kuma yana janye ɗumin jiki kusan sau 25 fiye da iska. Abin da sababbin shiga ba sa zata shi ne gumi ya fi sanyin waje cutarwa. Mutum ya rufe jikinsa ruf a gindin dutse, ya hau yana naso, ya isa sama jiƙe sharkaf, ya tsaya cikin iska. Minti biyar sai makyarkyata. Ka fara tafiya kana jin ɗan sanyi, cikin minti goma jiki zai ɗauka. In ka ji zufa na tsatsowa, buɗe zip ko rage gudu. Da zarar ka tsaya, sa babbar rigar nan take, tun ɗumin bai gudu ba.

Safar hannu biyu, domin ɗaya za ta jiƙe ko iska ta ɗauke ta. Hular sanyi mai rufe kunne. Safa ta ulu, amma kada ka cusa biyu har takalmi ya matse, domin ƙafar da jini bai gudana a cikinta ita ce ke fara sandarewa.

Takalmin motsa jiki zai yi? Kuma me ake ɗaurawa a ƙafa don santsi?

Ba zai yi ba. Ana son takalmin hawan dutse mai rufe idon sawu, wanda ruwa ba ya shiga, mai ƙasa mai gurza-gurza. Marufin ƙwauri yana hana dusa shiga ta sama.

Abin ɗaurawa ya danganta da ƙasar da za ka taka. A hanyar da aka tattake ta daskare, marar gangara sosai, sarƙar takalmi mai ƙananan ƙusoshi ta wadatar, kuma ita ce abu mafi amfani ga mai irin wannan tafiya. Ba ta da nauyi, ba na fita hunturu ba tare da ita ba. A dusa mai laushi da zurfi, faffaɗan takalmin dusa ake sawa don kada ƙafa ta nutse. A gangare mai tsauri da ƙanƙara mai tauri kuwa, sai kirampon, wato ƙarafuna masu dogayen haƙora, tare da gatarin ƙanƙara. Waɗannan biyun koyonsu ake yi a hannun gwani, a wuri marar haɗari, musamman yadda ake tsayar da kai in an zame. In hanya ta kai ga buƙatarsu kai kuma ba ka koya ba, ba hanyarka ba ce tukuna. Kuskuren da na fi gani shi ne mai ƙananan ƙusoshi ya ji ƙafarsa na kamawa, ya ci gaba har inda ba za su riƙe shi ba.

Ɗaura kafin ka shiga santsi. A tsakiyarsa ba ka da wurin tsayawa.

Me kuma zai shiga jaka?

Fitilar goshi da batir na ƙari, ko da kana da tabbacin dawowa da rana tsaka. Taswirar takarda da kamfas. Usur. 'Yan kayan taimakon gaggawa. Jakar ceto ta leda ko ta ƙyalli da mutum ke shiga ciki gaba ɗaya, da ɗan abin zama mai soso, domin ƙasa mai sanyi tana zuƙe ɗumi da sauri. Ka tambayi kanka: in na karye a idon sawu, na zauna awa huɗu ina jiran masu ceto, abin da ke jakar nan zai riƙe ni? Wannan tambaya ce ke tsara jaka.

Ai wayata na da taswira. Ba ta isa ba?

Tana da amfani sosai, amma sanyi yana kashe batir. Kamfanin Apple da kansa ya ce an yi iPhone don aiki tsakanin digiri 0 da 35. Waya mai rabin caji tana iya mutuwa farat ɗaya in ta sha iska. Sauke taswirar tun a gida don ta yi aiki babu intanet, ajiye wayar a aljihun ciki kusa da jiki, ɗauki batirin caji na tafi-da-gidanka, ka rage ɗaukar bidiyo. Fitilar waya kuma ba ta maye gurbin ta goshi, domin hannuwanka biyu kake buƙata.

Ba na jin ƙishirwa cikin sanyi. Dole in sha ruwa?

Dole. Sanyi yana danne ƙishirwa, alhali kana zubar da ruwa ta gumi da ta numfashi. Tururin nan da ke fita daga bakinka ruwa ne. Ɗauki fulas na abu mai zafi. Gorar ruwa ka sa ta cikin jaka a kife, domin daga sama ruwa ke fara daskarewa, sai bakin gorar ya tsira. Abinci kuma kaɗan-kaɗan akai-akai, wanda za ka ci da safar hannu a tsaye, ka sa shi a aljihu don kada ya yi tauri. Barasa ba ta ɗumama jiki: tana buɗe jijiyoyin fata ne, mutum ya ji ɗumi alhali ɗumin ficewa yake.

Ta yaya zan gane sanyi ya fara cin ƙarfin abokin tafiyata?

Zafin jiki na lafiya wajen digiri 37 ne. In ya sauka ƙasa da 35 an shiga haɗari. Alamun farko su ne makyarkyatar da ba ta tsayawa, tuntuɓe, hannu ya kasa jan zip, harshe ya yi nauyi, mai fara'a ya yi shiru ko ya hau faɗa ba dalili. Shi kansa ba zai sani ba, zai ce maka lafiyarsa ƙalau, don haka ku riƙa kallon juna. Ku kauce wa iska, a sauya masa jiƙaƙƙen kaya, a raba shi da ƙasa, a rufe shi har kai, a ba shi abu mai ɗumi da zaƙi in yana iya haɗiya, sa'annan ku juya. In makyarkyata ta tsaya alhali bai ɗumama ba, ko ya shiga magagi, ko ya fara tuɓe kaya, abin ya yi tsanani: a kira masu ceto, a kwantar da shi, a taɓa shi a hankali. Ba sai an kai ƙasa da sifili wannan ke faruwa ba. Ruwan sama da iska a digiri 3 ko 4 sun ishi jiƙaƙƙen mutum.

Yatsuna sun yi fari, ba na jin su. In murza su da dusa?

A'a, kada ka murza su da komai. Sa hannun a hammata, fata da fata. Kunci ko hanci kuma a rufe da tafin hannu. In ji ya dawo da zogi, ka tsira, sai ka sauka. In fatar ta yi tauri kamar kakin zuma, sai asibiti. Ana narkar da ita ne cikin ruwa mai ɗumin digiri 37 zuwa 39, ba a gaban wuta ba, kuma ba a yi sai an tabbata ba za ta sake daskarewa ba.

Tabarau a hunturu?

Sabuwar dusa tana mayar da har kashi 80 cikin 100 na hasken rana mai ƙuna, ƙarfinsa kuma yana ƙaruwa da kusan kashi 10 kan kowane mita 1,000. Yana ƙona saman ƙwayar ido ko da akwai gajimare, kuma ba ka ji sai bayan awa 6 zuwa 12, ka tashi da dare kamar an zuba maka yashi. Sa tabarau mai tare wannan haske, ka shafa man kariya har ƙasan hanci da haɓa.

Zaftarewar dusar ƙanƙara ta shafi mai tafiya a hanya kamar ni?

Ta shafe ka in hanyarka ta ratsa gangare mai dusa, ko ta bi ƙarƙashinsa. Mafi yawan zaftarewa mai kisa tana tashi ne daga gangare mai karkatar digiri 30 zuwa 45, kusan karkatar matakalar bene. Kuma a mafi yawan lokuta wanda abin ya rutsa da shi, ko ɗan ayarinsa, shi ya tayar da ita da nauyin ƙafarsa. Yadda take faruwa: iska ko sabon zubi ya kafa dunƙulen dusa a kan wani siririn shimfiɗi marar ƙwari, ka taka, na ƙasan ya karye, na saman ya sulale gaba ɗaya.

Ƙasashen Turai suna amfani da ma'auni ɗaya na girman haɗarin zaftarewa, mai matakai 5, tun 1993, kuma cibiyoyin lura da zaftarewar dusa irin su SLF da ke Davos a Suwizalan da SAIS a Sikotlan suna fitar da rahoto kullum a lokacin dusa. Kada lamba 3 ta ruɗe ka don tana tsakiya, a wannan mataki aka fi rasa rayuka. Kwana ɗaya ko biyu bayan zubin dusa mai yawa, ko bayan iska mai ƙarfi, ko ranar da ɗumi ya zo farat ɗaya, su ne lokutan tsoro. In ka ji dusa ta yi wani "wum" ta nutse ƙarƙashinka, ko tsaga ta ruga daga ƙafarka, koma ta inda ka fito.

Masu shiga irin wannan ƙasa suna ɗauke da na'urar gano wanda ya binne, da sandar bincike, da shebur, kowa da nasa, kuma sun yi horo. Dalili shi ne wanda aka tono cikin minti 15 na farko yana da babban rabon rayuwa, bayan rabin awa kuwa mafi yawa ba sa kaiwa; masu ceto daga ƙasa ba za su iso cikin wannan lokaci ba. Shawarata ga mai neman hange kawai: zaɓi hanyar da ba ta da wannan haɗari sam. Suna da yawa, kuma hangensu bai gaza ba.

Na iso wurin hange. Akwai abin kiyayewa a nan?

Bakin dutse. Iska tana gina leɓen dusa da ke leƙawa bisa sarari, daga sama kana ganinsa kamar ƙasa, alhali babu komai ƙarƙashinsa. Yakan karye daga can baya, nesa da inda kake zato. Ben Nevis, dutse mafi tsayi a Birtaniya mai mita 1,345, ya shahara da irin wannan leɓe a gefensa na arewa, dab da inda mutane ke tsayawa. Tsaya inda kake ganin duwatsu sun leƙo, kada ka ja da baya kana kallon waya don hoto. Sa rigarka, sha abu mai zafi, ka cika idonka. Minti goma sha biyar zuwa ashirin ya isa in da iska.

In hazo ya rufe ni fa?

Wani lokaci sama da ƙasa sukan zama fari ɗaya, ba ka bambance tudu da rami. Tsaya tun kana san inda kake, ku haɗu wuri ɗaya, fito da taswira da kamfas, ku koma ta hanyar da kuka zo. Kada ka dogara da sawunka, iska tana shafe shi cikin mintuna. Sawun wasu ma ba hujja ba ne, wataƙila su ma ɓata suka yi. A Nuwamban 1971, a tudun Cairngorm na Sikotlan, guguwar dusa ta rutsa da ayarin 'yan makaranta; ɗalibai biyar da mataimakiyar jagora suka rasu, ba su da nisa sosai da 'yar bukkar mafakar da suke nema. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ina so in je da yarana. Ya halatta a hankalce?

Ki je da su, amma ki rage tsawon tafiyar ya koma rabi ko kashi ɗaya cikin uku. Jikin yaro yana rasa ɗumi da sauri fiye da na babba, kuma ba ya faɗa sai abin ya yi nisa. Wanda aka goya ya fi kowa shiga haɗari, domin ba ya motsi. Ki riƙa taɓa hannunsa da ƙafarsa. Ki zaɓi ranar da babu iska da hanyar da ba ta da baki mai zurfi.

Tafiya ni kaɗai fa?

A hanyar da ka sani, mai jama'a, cikin yanayi mai kyau, mutane suna yi. Ga sabon shiga ban ba da shawara ba. Ko kai kaɗai ko cikin ayari, bar wa wani a gida sunan hanya, da inda ka ajiye mota, da sa'ar da in bai ji daga gare ka ba zai nemi taimako.

Yaya ake neman taimakon?

A ƙasashen Tarayyar Turai 112, a Amurka da Kanada 911, a Birtaniya 999 ka nemi 'yan sanda sa'annan masu ceton tsauni. Faɗi inda kake da lambobin taswira, da adadinku, da abin da ya faru. In kira bai shiga ba, saƙon tes yakan wuce. Tsohuwar alamar neman agaji a tsaunukan Alps ita ce busa usur ko haska fitila sau shida cikin minti ɗaya, a huta minti ɗaya, a maimaita. Amsarta sau uku. Kira da wuri, tun da sauran haske da sauran caji. Masu ceto sun fi son haka.

Na ga an rufe wata hanya alhali ga ta a buɗe. Me ya sa?

Wani lokaci don haɗari, wani lokaci don namun daji. A hunturu dabba tana rayuwa ne a kan kitsen da ta tara, duk gudun da ka sa ta yi cikin dusa mai zurfi daga ajiyarta ya fita. A tsaunukan Tatra na Silobakiya ana rufe hanyoyin can saman tsauni tun 1 ga Nuwamba sai watan Yuni. Bi allo, ka riƙe karenka da igiya.

Na sauko lafiya. Da sauran aiki?

Kira wanda ka bar wa saƙo tun kafin ka tayar da mota, kada ya tashi hankalin masu ceto a banza. Sauya riga da safa da busassu da ka ajiye a motar. A gida fito da komai ya bushe, ƙarafunan takalmi a goge su don tsatsa. Sa'annan, tun ba ka manta ba, rubuta sa'ar da ka tashi, da sa'ar da ka kai sama, da sa'ar da ka dawo, da yanayin dusar. Bayan fita uku ko huɗu za ka ga nawa kake ƙarawa a kan lissafin Naismith, da shi za ka tsayar da lokacin juyawa na gaba.